Yadda Na Kai Ƙarar Fitila Ƙasar Sin

Tun da na dawo, bakin garejina ya zama majalisa. Mutumin da bai taɓa kawo mini ko keke gyara ba, yanzu da sassafe yake zuwa, ya kaɗe benci, ya zauna, ya ce, "To Malam Sale, yaya Sin?" Wani ya tambaye ni ko da gaske suna cin maciji. Wani yana son ya ji ko na ga masu faɗan nan da ke tashi sama. Wani kuwa bai ɓata wa kansa lokaci ba, tsarabarsa kawai ya tambaya. Na maimaita har bakina ya gaji, kuma na lura duk maimaitawa labarin ƙara gyaruwa yake yi, ni kuma ina ƙara fitowa da kyau a cikinsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, tun ban kai ga gaskata ƙaryar kaina ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni rewaya ne, wato mai gyaran waya da wutar mota. Shekara ashirin da shida ke nan ina wannan aiki a bayan tashar Azare. Da fararen fitilun zamani da ake kira LED suka shigo, direbobi suka haukace a kansu, kowa yana son motarsa ta mai da duhu rana. Mai kawo su shi ne Alhaji Bukar, ɗan kasuwa mai shagon kayan mota, wanda iyayensa suka zo daga Borno tun kafin a haife ni. Shi yana sayarwa, ni ina sakawa.

Ni kuma ba sakawa kawai nake yi ba, ina da ƙari. Marigayi maigidana ya koya mini cewa babban maƙiyin fitila ruwa ne, kuma duk wanda ya san hanyar Katagum da damina ya san gaskiya ya faɗa. Saboda haka idan na saka farar fitila, sai in yanko robar cikin taya, in naɗe bayanta tsaf, da 'yar fankarta da ɗan akwatin wutarta, in bi da baƙin salatif, in toshe kowace kafa da gam. Ko iska ba ta samun hanya. Aka sa wa aikin suna "ɗaurin Sale". Har daga Itas da Jama'are ake kawo mini mota saboda shi, ni kuma kaina ya yi girman da hulata ta fara matse ni.

Sai ƙorafi ya fara zuwa. Fitila ta tashi daga Azare tar, kafin a wuce Gadau ta dushe, bayan 'yan makonni ta fara ƙiftawa, wata rana ta mutu gaba ɗaya. Ni kuwa ina da gwajina na masana: in kunna ta a inuwa, bonet a buɗe, in ɗora tafin hannuna a kan gilashin gaba, in ji sanyi ƙalau, in ce aikina ba shi da matsala.

Ana cikin haka abin ya faɗa kan Baba Haruna, dattijon direba mutumin Katagum, mai ɗauko kifi zuwa kasuwar Azare. Shi ya fara kawo mini mota ranar da na buɗe garejina, lokacin da ba wanda ya yarda da ni. Yana komawa gida bayan magariba, fitilunsa biyu suka ɗauke a kan kwana, ya daki kwalbati. Allah ya kiyaye rai, amma ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, likita ya ce shi da tuƙi sai dai ya zauna a gefen direba. Washegari na tsaya a tsakiyar tasha, a gaban kowa, na rantse cewa fitilun Alhaji Bukar jabu ne, kuma ƙafar Baba Haruna tana wuyansa. Mutane suka daina shiga shagonsa. Wasu har gaisuwa suka janye.

Alhaji Bukar bai yi faɗa ba. Ya zo garejina, ya ƙi zama, ya ce, "Malam Sale, wata mai kamawa zan tafi wurin masu ƙera ta. Ka nemi fasfo, da kai za mu. Abin da ka faɗa a tasha ka je ka faɗa musu ido da ido. In jabu ce, ni zan tsaya inda ka tsaya in nemi gafarar Baba Haruna. In ba jabu ba ce, ka san abin da ya rage."

Na ce masa ko a ƙafa ne ma mu tafi.

Na zaɓi matattun fitilu shida a matsayin shaida. Kafin in sa su a jaka, na zauna na kwance ɗaurina daga jikinsu, na kankare gam ɗin, na goge su da fetur har suka yi ƙyalli. Dalilina shi ne, na ji an ce mutanen Sin da sun ga abu sau ɗaya sun kwaikwaye shi, ni kuwa ba zan kai musu fasahata har gida a banza ba. Ku riƙe wannan, don ku san irin wayon mutumin da ke ba ku labari.

Uwargida ta haɗa mini guzuri na wanda zai tafi yaƙi: kilishi, ƙuli-ƙuli, yaji, da garin kunu. Muka shiga motar Kano da asuba. Direban ya san ni, don haka tun daga Azare har muka shiga Kano yana ba ni saƙo. In gaya wa mutanen Sin batirinsu ba ya ƙarko, in gaya musu takalminsu yana tsinkewa, in gaya musu wayar matarsa ta ƙi caji. Na amsa duka, domin a lokacin ji nake ni ne wakilin talakawan ƙasar Katagum baki ɗaya.

Jirgi kuwa, ban da abin faɗa sai alheri, in ban da cewa an ɗaure ni a kujera wuni da kwana, an ba ni abincin da ko jaririn akuya ba zai ishe shi ba, an kuma tambaye ni cikin murmushi ko na ƙoshi. Mun sauka a Habasha muka canza jirgi. Alhaji Bukar, wanda ya saba, ya yi barcinsa. Ni kuwa idona na kan fitilar da ke saman kujerata, ina taɓa ta lokaci lokaci, ina jiran ta mutu don in sami shaida ta bakwai. Ba ta mutu ba.

A filin jirgin Guwanzu, birnin Sin da muka sauka, aka fara nuna mini matsayina. Akwai injin da ake ɗora yatsu a kai kafin a shiga ƙasar. Kowa ya ɗora ya wuce, ni na ɗora injin ya ƙi ni. Shekara ashirin da shida na ƙunar dalma da ruwan batir sun shafe zanen yatsuna, sun bar su sumul. Jami'in ya goge gilashin, na sake ɗorawa, ya ƙi. Ya kama hannuna yana juyawa yana kallo, ya kira abokin aikinsa shi ma ya kalla. A ƙarshe ɗan ƙaramin yatsana na hagu, wanda bai taɓa yi mini aikin komai ba a duniya, shi ya shigar da ni ƙasar Sin.

A wurin binciken kaya aka buɗe jakata. Kilishi suka fara cirewa, suka nuna mini hoton nama da jan layi a kai, suka jefa shi a kwandon shara ina kallo. Fitilu shida kuwa, wata jami'a ta ɗaga ɗaya, ta karanta rubutun jikinta, ta dube ni. Na san abin da take tunani: ga mutum ya ƙetaro rabin duniya ya kawo wa Sin kayan Sin, kuma matattu. Ta mayar mini da su da hannu biyu cikin girmamawa, irin yadda ake yi wa wanda ake zaton kansa ba daidai yake ba.

A waje muka tarar da tafintanmu, Malam Usmanu, mutumin Damagaram, wanda ya yi shekaru a can har yana dariya da yarensu. Shi ya kai mu masauki, wani bene mai hawa da yawa a unguwar da baƙaƙen fata ke sauka. Ɗakina yana hawa na goma sha huɗu, kuma idan na miƙe ƙafa ina taɓa ƙofa. Babu mabuɗi, kati ake karawa. Shi wannan katin kuma sai ka soka shi a bango kafin wuta ta kama, abin da ba wanda ya gaya mini. Ni da ake kira daga Jama'are in gyara wuta, na yi kusan rabin sa'a a ɗaki ina laluben inda fis ya ƙone, har wata mai shara ta leƙo, ta karɓi katin, ta soka, wuta ta kama, ta tafi. Banɗakin yana da madubi uku, amma babu buta. Gorar ruwa na yanke.

Abinci kuwa, Malam Usmanu ya kai mu shagon wasu Musulmin ƙasar, masu fararen huluna, da ke jan taliya da hannu. Na yi musu sallama suka amsa, daga nan hira ta ƙare. Aka kawo taliya a cikin romo, aka ba ni tsinke biyu. Na yi ta fama, taliya na zamewa tana feshe mini riga, har mai shagon ya tausaya ya kawo mini cokalin yara. Na nemi ruwan sanyi aka kawo mini ruwan zafi. Na ce ba shayi na ce ba. Malam Usmanu ya ce ai nan haka suke sha, ko ana zafin da kare ke fito da harshe. Na zaro yajin uwargida na barbaɗa, mai shagon ya ɗanɗana, ya yi tari har da hawaye, na ji daɗi a raina cewa ko ba komai mun rama ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba dogayen gidaje ba ne. Mutanen nan ba sa barin leda a jikin sabon abu. Mu a gida mutum zai sayi kujera, ledar tana nan har a aurar da 'yar auta. Rimot a leda, kujerar mota a leda, waya a cikin riga biyu. Abin da muke so, rufe shi muke yi. Su kuwa da sun saya sai su yage su yar. Na ce wa Alhaji Bukar wannan almubazzaranci ne da rashin sanin darajar kaya. Ya ce, "Haka ne, Malam Sale," ya ci gaba da kallon taga.

Ba sa kuma gaisawa. Ka shiga jirgin ƙasa cike da mutane, ba mai tambayar ka gajiya, ba mai tambayar iyali, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. A irin wannan jirgin muka tafi garin da masana'antar take, kwana uku da saukarmu. Gudunsa ya sa na karanta duk addu'ar da na sani, amma ruwan da ke kofin wata tsohuwa kusa da ni ko motsi bai yi ba.

Na shirya ganin wani ƙaton mutum mai tumbi da zan yi wa faɗa. Sai aka haɗa ni da wata mata 'yar siririya mai tabarau, Injiniya Lin, wadda ita ke shugabantar sashen gwaji. Aka sa mana farar riga da hular leda, aka sa wa takalmanmu safa. Na zube fitiluna shida a kan teburinta, na yi jawabin da na yi wata guda ina haddacewa. Na ce sun raina baƙar fata. Na ce masu kyau suke kai wa Turawa, mu su turo mana shara. Na ce dattijo yana kwance a Katagum da karyayyiyar ƙafa saboda su. Malam Usmanu ya fassara duk wannan da kalmomin da ba su wuce goma ba, har yau ban san abin da ya zubar a hanya ba.

Matar ba ta yi fushi ba. Da ta ji batun ƙafar, ta ajiye alƙalaminta ta ce a ba ni haƙuri. Ta ce ba za ta rantse a kan duk fitilar da ta fito daga ƙasarsu ba, akwai masu ƙera na banza, kuma su ma sukan yi kuskure. Sannan ta ɗauki ɗaya ta tambaye ni ta ina fitila ke yin zafi.

Na yi dariya. Na ce ta gaba mana, ta gilashi, kuma tasu ba ta ma yin zafi, na sha taɓawa.

Ta ce tsohon ƙwan fitila ne ke jefa zafinsa gaba tare da haske. Wannan kuwa haskenta ne kawai ke fita ta gaba, zafin ta baya yake bi. Ta nuna mini ɗan abin da ke ba da hasken, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ce zafin da yake haifarwa, in bai sami hanyar fita ba, shi zai kashe shi. A ƙarƙashinsa akwai wani farin mai da ke miƙa zafin ga jikin ƙarfen, ƙarfen ya kai shi ga waɗannan haƙoran alminiyon masu kama da mataji, fanka kuma ta kore shi cikin iska. Ni da na ɗauka haƙoran nan ado ne.

Na ce duk wannan labari ne, ba su san zafin Azare ba. Ta tambayi zafin Azare a watan da ya fi tsanani, Alhaji Bukar ya faɗa mata. Ta ce cikin bonet ya fi haka nesa, kuma da zafin cikin bonet suke gwaji. Ta kai mu wani dogon ɗaki cike da akwatunan ƙarfe masu tagar gilashi, irin na masu gasa burodi. A cikin kowanne fitilu ne a kunne, an manna musu wayoyi sirara kamar zare, kowace waya tana kai rahoton zafin wurin da aka manna ta zuwa kwamfuta. Wasu sun yi kwanaki suna ci ba a kashe ba. Wani akwatin yana gasa su, sannan ya daskarar da su, ya sake gasawa, don a ga ko dalmarsu za ta tsage. A wani kuma ruwa ake fesa musu ta ko'ina suna kunne.

Nan ne bakina ya kashe ni. Na ce wannan feshin wasan yara ne, in ba don kariyar da nake ba fitilunsu ba, da ko damina ɗaya ba za su yi a hanyar Katagum ba.

Ta ce wace kariya?

Na so in ƙi faɗa, saboda sirrin sana'a ne. Amma son a yaba ya fi ƙarfina. Na ce a kawo mini roba da salatif da gam. Aka nemo. Aka ba ni sabuwar fitila, na naɗe hannun riga, na yi mata ɗaurin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Ma'aikata suka taru, wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Na ce wa Alhaji Bukar a hankali, "Ka gani ko? Sun fara sata."

Injiniya Lin ta sa aka manna wa fitilata wayoyin awo, aka manna wa wata sabuwa da ba a ɗaure ba, aka sa su gefe da gefe a akwati ɗaya, aka rufe, aka kunna. Layi biyu suka bayyana a kwamfuta, suna hawa tare. Can sai layin wadda ba a ɗaure ba ya gaji, ya kwanta, ya miƙe sak. Nawa kuwa ya ci gaba da hawa. Aka kawo mana ruwan zafi a kofi, muka zauna muna kallo.

Bayan wani lokaci hasken tawa ya fara ja da baya. Matar ta ce ɗan akwatin wutar ne ya ji zafi ya yi yawa, yake rage wuta don ya ceci fitilar. Alhaji Bukar ya dubi agogonsa, ya ce, "Malam Sale, ina jin mun iso Gadau."

Ita ce kaɗai maganar da ya gaya mini a can a kan wannan batu, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Da tawa ta fara ƙiftawa aka kashe, aka buɗe akwatin. Warin ƙonanniyar roba ya bugi hancina, warin da na sha ji a jikin kowace matacciyar fitila ina cewa robar Sin ce mai arha. Matar ta haska su da wata kyamara mai nuna zafi da launi. Ɗayar ruwan ɗorawa, tawa fara fat a tsakiya. Ta ce sabuwa takan jure wannan sau da yawa, amma kowace tafiya tana cin dalmar da kayan cikin akwatin kaɗan kaɗan, har ranar da za su saki gaba ɗaya, kuma tunda tare nake ɗaure fitilu biyun mota, ba mamaki su saki kusa da juna. Sannan ta ɗauko ɗaya daga cikin shaiduna shida, ta sa tsinke a tsakanin haƙoranta, ta zaro ɗan baƙin gam da fetur ɗina bai kai gare shi ba. Ta ajiye shi a kan farar takarda a gabana.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Amma kunyar ba ta daɗe ba, tsoro ya kore ta, domin na fara tuno motocin da ke yawo da ɗaurina a daidai wannan lokaci.

Sauran wunin na zama ɗalibi. Ta nuna mini cewa fitilar an riga an toshe ta daga ruwa tun daga masana'anta. Ta nuna mini murfi mai faɗin ciki da ke barin fanka ta yi numfashi, da inda ake ɗaure akwatin wutar nesa da injin. Ta ce gwaji ba a inuwa ba ne da bonet a buɗe: a rufe bonet, a tada injin, a bar fitila ta ci rabin sa'a, sannan a auna bayanta. Na sayi bindigar awon zafi, irin wadda aka riƙa ɗora mana a goshi lokacin annoba, sai dai wannan ta auna zafin ƙarfe ce. Ita ce tsarabar da na kawo, masu tambaya sai su yi haƙuri.

A jirgin dawowa na ce wa Alhaji Bukar ya yafe mini. Ya ce, "Ni ba zan faɗa wa kowa komai ba. Bakinka ne ya yi rantsuwa a tasha, ba nawa ba."

Zan so in ce ina sauka na wuce tasha na faɗi gaskiya. Ban yi ba. Wayo na sake gwadawa. Na aika wa direbobi cewa na koyo sabuwar fasaha a Sin, kowa ya kawo mota in duba masa kyauta, da niyyar in kwance ɗaurin a ɓoye. Mutum uku suka zo. Na farko yana ganin na ɗauki reza ya riƙe hannuna, ya ce, "A'a, Malam Sale, taɓa ko'ina amma ban da nan. Ai ɗaurin nan ne ma ya sa tawa ta kai yanzu." Na yi shekaru ina koya musu su yarda da shi, sun kuwa yarda.

Kwana biyu ina ba mutane labarin taliya da tsinke, ina kallon motoci na fita da yamma. A rana ta uku na ture abincin rana, na tashi na shiga motar Katagum.

Na tarar da Baba Haruna a zaurensa, a kan tabarma, ƙafar a miƙe, sandarsa a gefe. Ya yi murna da ganina har ya so ya tashi. Ya sa aka kawo mini fura. Ya ce, "Sale, ɗan albarka. An ce har ƙasarsu ka bi mini haƙƙina. Yaya, sun amsa laifinsu?"

Na ajiye ludayin. Na ce, "Baba, ba su da laifi. Alhaji Bukar ma ba shi da laifi. Robar da nake naɗewa ce ke shaƙe fitilar har ta mutu. Hannuna ne ya karya maka ƙafa."

Na jira zagi, na ma so ya zo. Sai ya ce, "Mota nawa ka ɗaure?"

Na ce ban san adadi ba, suna da yawa.

Ya ce, "To me ka zauna yi a nan kana shan fura? La'asar ta yi. Miƙo mini sandata."

Da ƙyar muka kai tashar Katagum, yana dogarawa ina riƙe da shi. Ya zauna a kan benci, ya riƙa kiran direbobi ɗaya bayan ɗaya da sunansu, yana cewa kowa ya buɗe bonet. Ni ba za su saurare ni ba, amma ba mai iya musa wa mutumin da ƙafarsa ke miƙe a gabansu. Ya ce, "Faɗa musu abin da ka faɗa mini, da ƙarfi." Na faɗa. Wani ya yi salati, wani ya zage ni, wani ya tambaya ko don wannan ne sai da na je Sin. Na sa reza na yi ta yanke ɗaurina, mota bayan mota, robar tana fitowa a narke, tana manne mini a yatsu. Washegari na tsaya a tsakiyar tashar Azare, daidai inda na yi rantsuwa, na warware ta da sunan Alhaji Bukar. Har yau ina bin sauran motocin, don wasu an sayar da su zuwa garuruwan da ban sani ba.

Amma a ranar ta Katagum, da na gama mota ta ƙarshe, na raka Baba Haruna gida. A bakin zaure na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ka yafe mini."

Ya jingina da bango yana mayar da numfashi. Ya ce, "Sale, wata uku na yi a kwance ina kokawa da zuciyata kafin in iya yafewa. Na kuwa yafe. Sai dai Alhaji Bukar na yafe wa, mutumin da bai yi mini komai ba. Kai yau na san da kai. Ka ba ni lokaci."

Ya shiga gida yana jan ƙafar, ni kuma na tsaya a waje har na daina jin ƙarar sandarsa.